Kunnuwan da Aka Yanke wa Gidan Kanya

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya karɓi ran Baffa, ƙanin mahaifina, da hantsin ranar Laraba a gidansa da ke Kura, bayan jinyar da ba ta daɗe ba. Mun kai shi makwanci bayan azahar. Abin da ya faru kafin a kai shi, shi ya sa na ɗauki biro.

Mahaifina ne ya limanci sallar. Kafin ya yi kabbara ya juyo ya fuskanci jama'a, ya yi tambayar da aka saba yi: duk mai haƙƙi a kan mamaci ya yafe masa, wanda kuma ba zai iya ba ya faɗa, ga dangi nan a tsaye. Tambaya ce da ba a jiran amsarta. Sahu ya ɗauka da "Mun yafe, Allah ya yafe mana baki ɗaya." Sai daga can baya wani dattijo siriri, da laka a ƙafar wandonsa, ya ɗaga murya.

"Ni ban yafe ba."

Mutumin Gidan Kanya ne, ƙauyen da ke can ƙarshen kanal, wato magudanar ruwan noman rani, ta wajen Bunkure. Bai yi ihu ba, bai nuna kowa da yatsa ba.

"Tumatirin gari guda ya ƙone a tsaye," in ji shi, "muna jin ƙarar ruwa yana wucewa gonakin wasu. 'Ya'yana biyu sun bar gari tun wancan rani, har yau ba su dawo ba. Zan sallace shi, don Musulmi ne. Amma ban yafe ba."

Maganar ta haura katanga ta shiga cikin gida, muka ji Gwaggo ta ƙwala salati. Inna, matar Baffa, an ce ko ɗago kai ba ta yi ba. Wanda ya fi kowa ɗaukar zafi shi ne mijin Yaya, wato mijin 'yar Baffa ta fari, wanda duk Kura ke kira Injiniya. Tun safe ya fi kowa kuka. Ya fito daga sahu cikin farar babbar riga yana cewa, "A fitar da shi! Wane irin rashin tarbiyya ne wannan a gaban gawa?" Mahaifina ya ɗaga masa hannu, aka yi salla. A maƙabarta kuma shi Injiniyan ne ya tuɓe riga ya shiga kabari ya karɓi Baffa da hannunsa. Ina tsaye a bakin ramin ina kallon hannun.

Ba zan ce Baffa mai sanyin hali ne ba. A gidan rediyon da nake karanta labarai an koya mana kada mu faɗi abin da ba mu tabbatar ba, wannan kuwa na tabbatar ba haka yake ba. Mutum ne mai ji da kansa, mai gyara wa mutane magana ko a gidan suna. Gidanmu gidan malamai ne. Mahaifina ya gaji makarantar allo, shi kuma Baffa aka tura shi boko bayan ya sauke, ya dawo ya kama aikin ruwa tun ana haƙa kanal ɗin farko. Karatun allon bai bar shi ba. Yakan ce wasali ɗaya ya isa ya kai mai karatu wuta.

Ya taɓa yin fushi da ni har salla ta wuce. Na karanta wata sanarwa a rediyo, numfashi ya ƙare mini a tsakiyar sunan Unguwar Maƙera, na ɗan tsaya tsakanin kalmomin biyu. Da na je gaishe shi ya bar ni a durƙushe.

"Ɗan rediyo," in ji shi, "wace unguwa ce ka yi wa sanarwa, su wane ne kuma maƙeran?"

"Baffa, numfashi ne."

"Ka yi numfashinka a gidan ubanka. Ba a numfashi a tsakiyar sunan mutane."

Da alkama ta yi daraja, manyan 'yan kasuwa suka shigo noman rani, rigimar ruwa ta yi yawa. A lokacin ne masu ba da tallafi suka kawo wa ƙaramin ofishin raba ruwa da Baffa ke aiki wata kwamfuta. Mutanen Kura ba su taɓa kiranta da wannan suna ba, na'ura suke cewa. Aka tura Baffa kwas, mutum mai furfura a cikin samari, ya dawo ya fi su duka. Aka ware wa na'urar ɗaki mai sanyi. Baffa ba ya shiga da takalmi, ba ya kuma shiga da goro a baki.

Mahaifina bai yarda da ita ba. "Ruwan da Allah ya saukar," in ji shi, "a ce ƙarfen da bai san alwala ba ne zai raba shi? Abin da in an ɗauke wuta ya zama gawa?"

"Yaya, ai kai ma in an ɗauke maka shayin safe haka kake zama," in ji Baffa.

Sun yi mako ba su ci tuwo tare ba a kan wannan.

Ni ya koya wa yadda take aiki, ba don ina so ba, sai don ya gaji da rashin mai sauraro. Baƙin gilashi ne da koren rubutu. Ka buga mata umarni a layi ɗaya, ta amsa. Baffa ya rubuta mata jerin umarni ya tara su ƙarƙashin suna ɗaya, raba. Kowane mako akawu zai buga raba, ya bi shi da rana, da lokaci, da kanal, sannan sunayen ƙauyuka da gonakin da za su sha ruwa. Na'ura ta raba sa'o'i a tsakaninsu, ta buga takardar da ake kai wa masu buɗe ƙofofin ruwa. Abin da takarda ta ce shi suke yi, ba ƙari.

"Ka ɗauka zaure ne," in ji Baffa. "Duk kalmar da ta biyo bayan raba baƙo ne ya yi sallama. Na farko ya zauna a $1, na biyu a $2, haka har $9. Tabarma tara gare ta, ba ta goma."

"Na goma fa?"

"Sai a gusa masa."

Kalmar gusawar ita ce shift. In ka rubuta ta, na farko ya tashi ya fita, kowa ya matsa gaba da tabarma ɗaya. Baƙi ukun farko su ne manya, rana da lokaci da kanal. Na'ura ta ji ta bakinsu, a gusa sau uku, su fita. Duk wanda ya rage a zauren mai shan ruwa ne, ko su biyar ne ko su talatin, kuma ana so a ɗebe su gaba ɗaya a matsayin ƙungiya guda. A nan Baffa yakan gyara zama, don nan ne abin alfaharinsa. Hanya biyu ce. Akwai $*, wadda yake kira dala da tauraro. Akwai kuma "$@", dala da dodon koɗi, da 'yan alamun zance biyu a gefe da gefe. Alamun nan su yake kira kunnuwa.

"In ba kunnuwa," in ji shi, "sai ta zube mutane wuri ɗaya ta yi ta yanka duk inda ta ga fili. Turawan da suka ƙera ta sunayensu guntaye ne, ba ta dame su ba. Mu kuwa fa? Gidan wane, Unguwar kaza, Rugar wane. In ka yanke mata kunne sai ta nemi ƙofar ruwa mai suna Gidan, ta rasa. Ta nemi mai suna Kanya, ta rasa. Ta wuce. Amma da kunnuwa, kowa da sunansa cikakke, kowa da tabarmarsa."

Wannan maganar ta bi shi har gida. In baƙo ya zo ya tarar zaurensa a cike, Baffa ba ya barin sa a tsaye. Sai ya dubi wanda ya fi kowa babbar riga ya ce, "Alhaji, a gusa." Haka kuma a aikin. Ya tsara jerin yadda ƙauyukan ƙarshen kanal za su riƙa sha kafin na kusa, don ya ce na kusa ko an hana su za su sata. Kowace ranar kasuwar Bunkure yakan hau babur ɗinsa ya bi gefen kanal har inda ya ƙare, ya tsoma sanda ya ga ko ruwan ya iso. A Gidan Kanya matan gari sun san ƙarar babur ɗinsa. Dattijon nan da ya ce bai yafe ba, shi ke shimfiɗa masa buzu a da.

Mijin Yaya kuwa Baffa ne ya tsince shi. Ya zo Kura yana saurayi da takardar makarantar koyon sana'a, ba shi da kowa. Baffa ya sama masa aiki, ya ba shi ɗaki a zaure, daga baya ya ba shi 'yarsa ta fari. Tun ranar da aka ɗaura auren nan sunan mutumin ya fita daga bakin Baffa. Ita kanta Yaya bai taɓa kiran sunanta ba, don 'yar fari ce, yarinyar nan yake cewa. To ina ga mijinta. Ofis ɗaya suke, amma in yana son ganinsa sai ya ce wa masinja, "Kira min mutumin can." Ma'aikata suna dariya a ɓoye. Ba ya cin abinci a gabansa, ba ya ɗaga masa murya. Da na'ura ta zo, shi kaɗai Baffa ya koya wa rubuta umarni, shi kaɗai kuma ya ba wa kalmar sirrin da ake buɗe rubutun umarnin da ita.

A wani rani, tumatir yana fure, yanar ido ta tsananta wa Baffa. Aka kwantar da shi a Kano aka yi masa aiki. Ya yi makonni a gidana yana jinya, ofis yana hannun surukinsa.

Ni na mayar da shi Kura. Ya ƙi mu biya gida, ya ce ofis tukuna. Muka tarar da mutane zazzaune a ƙarƙashin darbejiya, fuskokinsu ba annuri. Babu wanda ya yi masa sannu da jiki. Wani daga cikinsu ya ce, "Ga mai na'urar nan ya dawo." Ashe tun bayan tafiyarsa sunan Gidan Kanya da na wasu ƙauyuka ya daina fitowa a takarda. Sun yi ta zuwa, Injiniya yana nuna musu cewa ga shi akawu yana buga sunansu kowane mako, na'ura ce ba ta fitarwa, kuma ba mai iya taɓa rubutun Baffa sai Baffa. Ƙauyukan da ke kusa sun sa bututu sun zuƙi abin da suka iya daga kanal. Gidan Kanya ba abin da ya iso musu ballantana su zuƙa.

Baffa ya cire takalmi ya shiga ɗakin sanyi. Ido ɗaya a ɗaure, ɗayan yana ruwa. Ya lalubi maɓallai ya buɗe rubutun, ya kasa gani.

"Zo ka karanta min," in ji shi. "Kamar yadda kake karanta labarai. Kada ka tsallake ko ɗigo."

Na karanta layi bayan layi. Na wuce gusawa ukun. Na zo layin ɗiban ƙungiya na ce, "Dala, dodon koɗi."

"Kunnuwa fa?"

"Babu kunnuwa, Baffa."

"Duba da kyau."

"Na duba. Babu."

Manyan gonakin alkama ba su da suna a ofis, lamba gare su, kalma ɗaya tak. Yanka bai same su ba. Sa'o'in ruwan duk ƙauyen da aka yanka, gonakin nan aka raba wa. Wanda ya yi wannan ya san abin da yake yi. Da ya cire sunan ƙauyen daga abin da akawu ke bugawa, da an gani an kama shi. Sai ya bar sunan yana shiga, ya hana shi fita, yadda laifin zai zauna a kan wanda ya rubuta umarnin.

Baffa ya sa na nuna masa wurin da yatsa, ya mayar da kunnuwan. Sannan ya ce, "Laifina ɗaya. Na koya mata in ta rasa suna ta wuce shiru. Da na koya mata ihu." A wannan makon ruwa ya koma Gidan Kanya, ya tarar da itace.

A hanyar gida na ce, "Baffa, mutum biyu ne kawai ke da kalmar sirrin nan."

"Ka iya ƙirga, madalla."

"Ai sai a faɗa."

Ya juyo da idon da ke gani. "Yarinyar nan tana da 'ya'ya huɗu a gidan can. In ka buɗe baki a kan wannan ina raye, ban yafe maka ba."

Na riƙe maganar kamar yadda ya faɗe ta, kalma da kalma. Aikina ke nan.

Aka turo kwamitin bincike daga birni. Ni na riƙe hannunsa na kai shi, na zauna a baya. Ɗakin cike yake da ma'aikata, Injiniya yana layin gaba da littafi a cinya. Baffa ya yi bayanin kunnuwa dalla-dalla, babu wanda ya musa. Sai shugaban kwamitin ya ce, "To Malam, ban da kai wa ke da kalmar sirrin?"

"Akwai."

"Wane ne?"

"Yana cikin ɗakin nan."

"Malam, ɗakin nan mutum nawa ne? Suna muke so."

Baffa, wanda bai taɓa sunkuyar da kai a gaban kowa ba, ya dubi ƙasa. "Ba na faɗin sunan nan."

Shugaban Bahaushe ne kamar mu. Ya san kunyar suruki, ya san sarai sunan wa dattijo ba ya iya faɗa. Ya kuma san masu gonakin alkama. Ya yi murmushi ya dubi magatakarda ya ce, "Abin da ba a faɗa ba, ba a rubutawa." Aka rubuta cewa kuskuren tsufa ne da raunin ido. Aka yi wa Baffa ritayar dole. Kujerarsa aka ba wa Injiniya.

Bayan nan Baffa ya yi shekara biyu da ɗoriya a duniya. A kasuwa aka sa masa suna Malam Na'ura-ta-ce. Ya je sau ɗaya ya ji, bai ƙara zuwa ba. Ya sayar da babur. Ya koma 'yar gonar albasarsa, yana jiran ruwa kamar kowa, da takardar da surukinsa ke sa wa hannu. Duk da haka in jikokinsa suka zo yakan ɗauke su a cinya, in kuma ubansu ya zo gaisuwa yakan sa a shimfiɗa masa darduma mai kyau, ya amsa gaisuwar yana kallon gefe. Gyaran maganar mutane ne kawai ya daina. Ranar da na yi kuskure a rediyo na zo ya yi mini shiru, ranar na san an kashe wani abu a jikinsa.

Na taɓa haɗuwa da mijin Yaya a kasuwar Bunkure, yana jingine da sabuwar motarsa ana loda masa buhuna. Na wuce ban gaishe shi ba. Ya kira ni.

"Ɗan jarida, ba gaisuwa? Har yanzu fushin tsoho kake taya shi?"

"Ina taya Gidan Kanya ne."

Ya yi dariya ya ɓare goro. "Kai ma dai. 'Yan ɗigo biyu ne fa. Wa ya mutu?"

Ban amsa ba. Baffa yana raye.

Yanzu ba ya raye. Kwana biyu bayan jana'iza na ari babur na bi gefen kanal har Gidan Kanya. Na sami dattijon yana gyara kunya a gonarsa. Ban yi masa bayani ba, na ce kawai ya zo addu'ar bakwai, ya taho da duk wanda ya yi asara a wancan rani.

"Don ku sa ni a gaba in yafe?" in ji shi.

"A'a, Baba. Don ka ji. Bayan nan ka yi abin da ka ga dama."

Ranar bakwai ƙofar gidan ta cika. Malamai suna gaba, ma'aikatan ofis a gefe, Injiniya a kan darduma kusa da mahaifina yana karɓar gaisuwa kamar shi ne ɗan mamaci. Mutanen Gidan Kanya suka zo suka zauna a ƙasa daga baya. Mata suna cikin zaure da tsakar gida, ƙofar a buɗe. Da aka shafa fatiha na miƙe na nemi izinin mahaifina. Ya dube ni, ya san ba godiya zan yi ba, amma ya ce, "Bismillah."

Na ce zan kira mutane, duk wanda ya ji sunan garinsa ya amsa. Na ɗaga murya irin ta aiki.

"Gidan!"

Babu wanda ya amsa. Aka fara kallon juna.

"Kanya!"

Shiru. Wani yaro ya yi dariya aka buge masa baki.

"Gidan Kanya!"

Daga baya mutane suka ce, "Na'am."

Na ce musu haka aka yi wa ruwansu. Na faɗa musu abin da Baffa ya sa don sunansu ya tsaya cikakke, da yadda aka cire shi yana kwance a asibiti da ido a ɗaure, da inda sa'o'in ruwansu suka tafi. Na ce mutum biyu ne ke da kalmar sirrin, ɗaya yana ƙarƙashin ƙasa. Na ce Baffa ya kasa faɗin sunan ɗayan don surukinsa ne, ni kuwa ba surukina ba ne. Sannan na faɗi sunan, nasa da na ubansa, ban yi numfashi a tsakani ba. Ba zan rubuta shi a nan ba. A Kura ba sai an rubuta ba.

Ya miƙe, hularsa ta karkace. "Malam, kana ji ɗanka yana yi mini ƙazafi a gidan makoki? Ina shaidarsa? Mutumin da na shigar kabari da hannuna! Kai, rantse in kana da shaida!"

Ba ni da ita sai maganar nan ta kasuwar Bunkure, wadda daga ni sai shi. Na san haka tun kafin in miƙe. Wasu ma'aikatan suka fara cewa a bar maganar, ba wurinta ba ne. Wani malami ya fara jawo hadisi a kan zato. Na ga abin yana zamewa daga hannuna.

Sai murya ta fito daga cikin zaure. Yaya ce. Ba ta fito ba, mayafinta kawai muke gani a bakin ƙofa.

"Baba Malam, a yi mini afuwa, zan yi magana a gaban maza."

Mahaifina ya ce, "Muna jin ki."

"Ni ce shaida. Da bakinsa ya faɗa mini, ranar da muka yi faɗa a kan alkamar da ya yi tarayya da masu manyan gonakin nan. Ya ce in je in kai ƙara duk inda nake so, ubana ko za a yanka shi ba zai iya faɗin sunansa ba. Ya ce da wannan ya yi lissafi tun farko. Na je na faɗa wa Baba. Ya ce in koma ɗakina in riƙe 'ya'yana. Na koma. Yau ba zan koma ba."

Injiniya ya buɗe baki ya ce, "Ke..." sai ya rasa na biyu. Ba wanda ya taɓa shi. Mutanen da ke zaune kusa da dardumarsa suka fara tashi ɗaya bayan ɗaya suna neman takalmansu, har ya rage shi kaɗai a tsaye a tsakiyar shimfiɗa. Ya nufi motarsa, ya dawo ya ɗauki takalmi, ya sake tafiya. Direbansa ba ya nan, ya daɗe yana laluben makulli a aljihu jama'a suna kallo.

Dattijon Gidan Kanya bai motsa ba sai da ƙurar motar ta kwanta. Sannan ya taso a hankali ya zo gaban mahaifina ya durƙusa.

"Malam," in ji shi, "na ɗora wa ɗan'uwanka kaya a ranar da ba ya iya saukewa. A sa yaro ya nuna mini kabarin."

Mahaifina ya ce ba yaro ba, shi zai kai shi. Suka tafi su biyu, mutanen ƙauyen suna biye. Ban bi su ba. An ce dattijon ya daɗe a tsugune, abin da ya faɗa kuma tsakaninsa ne da mai kabarin da Ubangijinsu. Da suka dawo na ga mahaifina ya karɓi ruwa ya sha, abin da bai yi ba a gaban mutane tun ranar Laraba.

Abin da Baffa ya saya da mutuncinsa, na rushe shi a hantsi ɗaya. Yaya tana gidan ubanta da 'ya'yanta huɗu. Inna ba ta amsa gaisuwata tun ranar, ta aiko Gwaggo ta ce mini na buɗe abin da mai shi ya rufe da bakinsa. Gaskiya ta faɗa. Na ce wa Gwaggo ta gaya mata Baffa "ina raye" ya ce, ni kuma na cika masa har ranar da ya daina. Gwaggo ta ce wannan wayon 'yan boko ne. Wataƙila. Da za a sake tara mutanen nan gobe, da na sake miƙewa.

Allah ya jiƙan Baffa, ya haskaka kabarinsa, ya shayar da shi daga tafkin da ba a raba shi da takarda. Allah ya ba Inna haƙuri, ya raya wa Yaya zuriyarta, ya dawo wa dattijon Gidan Kanya da 'ya'yansa.

Shi kuma mijin Yaya, an ce yana neman a canja masa wurin aiki zuwa wata jiha. Ina roƙon Allah kada a ba shi. Allah ya ba shi lafiya da tsawon rai, a nan Kura, ya ci kasuwa da mu, ya yi sallar Juma'a da mu, shekara da shekaru.